Megabayit Ɗari Ba Kowa, Takwas a Jere Sun Gagara: Yadda CMA Ya Shiga Linux

A shekarar 2010, injiniyoyin Samsung da ke cibiyar bincike ta Warsaw a ƙasar Poland sun kawo wa masu kula da kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji RAM da sauran kayan aikin na'ura, wata matsala da duk mai haɗa waya a lokacin ya san zafinta. Idan aka bar direban kyamara, wato manhajar da ke sarrafa ta, ya nemi wurin aiki a RAM daidai lokacin da mai waya ya buɗe kyamara, to ba a da tabbacin zai samu. Za a duba lissafi a ga megabayit ɗari ko fiye babu kowa a kai, direba ya nemi takwas kacal, kanel ya ce babu. Kuma lissafin bai yi ƙarya ba, kanel ma bai yi ba. Wurin yana nan, amma a warwatse yake, ita kuwa kyamara a jere take so. Maganin da suka kawo shi ne CMA (Contiguous Memory Allocator), mai samar wa na'urori wurin RAM a jere.

Kanel ba ya raba RAM bayit-bayit. Yanka shi yake yi shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4 a yawancin na'urori. Manhajar da ke gudana a waya ba ta damu da inda shafukanta suke ba, domin tsakaninta da RAM akwai wani sashe na firosesa, MMU, wanda ke fassara adireshi. Manhaja na ganin wurinta a miƙe daga farko har ƙarshe, alhali shafinta na farko yana can gabas, na biyu yana can yamma. Shi ma kanel yana da irin wannan dabara don kansa, wato vmalloc, mai tattaro shafuka daga ko'ina ya jera su a ido kawai.

Kyamara, da na'urar warware bidiyo, da mai zuba hoto a allon waya ba sa bi ta wannan hanya. Kai tsaye suke rubutu da karatu a RAM ba tare da sun jira firosesa ba, abin da ake kira DMA. Wasu na'urorin DMA suna iya karɓar jerin gutsattsari su bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma an sa musu tasu mai fassara adireshi, IOMMU. Amma da yawa daga cikin kwakwalwan waya na wancan zamani ba su da ko ɗaya, saboda kowanne ƙarin kuɗi ne da ƙarin wuta. Abin da irin wannan na'ura ta sani shi ne adireshin farawa da tsawo. Ka nuna mata inda za ta soma, ta zuba har ta gama.

Girman abin da ake zubawa ba wasa ba ne. Hoton bidiyo guda mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 4, ana maganar kusan megabayit 8 ke nan. Ko a tsarin da bidiyo ke amfani da shi mai bayit ɗaya da rabi, ya kai megabayit 3. Kuma na'urar warware bidiyo ba hoto ɗaya take riƙewa ba, tana buƙatar da dama a lokaci guda, don daga na baya take gina na gaba. Kyamara mai megafiksel 8 da ke ba kowane ɗigo bayit 2 tana son megabayit 16 don hoto ɗaya.

Abin da kanel ke iya bayarwa

Mai rabon shafuka na Linux yana ajiye wuraren da ba kowa ne cikin jerin gwano bisa girma: masu shafi 1, masu 2, masu 4, masu 8, haka ana ninkawa har masu shafi 1024. In an nemi ƙarami babu, sai a tsaga babba gida biyu, a ba da rabi, a ajiye rabi. In an dawo da rabin kuma ɗan'uwansa na nan ba a taɓa ba, sai a sake haɗe su. Shafi 1024 megabayit 4 ne, kuma a saitin da aka saba, nan ne iyaka. Wato ko a minti na farko bayan an kunna waya, lokacin da RAM ke fayau, kmalloc da 'yan'uwansa, hanyoyin da direba ke neman wuri a jere daga kanel, ba za su iya ba direba megabayit 8 a jere ba.

Sauran matsalar kuma lokaci ne ke kawo ta. Waya ta yi kwana biyu a kunne, an buɗe manhajoji an rufe, an karanta fayiloli, saƙonni sun shiga sun fita. Manyan wuraren nan duk an tsattsaga su, kuma shafi ɗaya tak da ya rage a hannun wani ya isa ya hana megabayit 4 sake haɗuwa. Duk mai Linux zai iya ganin wannan da idonsa a fayil ɗin /proc/buddyinfo: lambobin hagu, na ƙananan gutsattsari, suna da yawa, na dama suna raguwa har su koma sifili. Kanel da kansa yana ɗaukar duk buƙatar da ta wuce shafi 8, wato kilobayit 32, a matsayin mai tsada, kuma ba ya wahalar da kansa a kanta kamar yadda yake yi wa ƙanana.

Ba a zauna hannu rabbana ba kafin zuwan Samsung. Mel Gorman ya yi shekaru yana aiki a kan wannan. A Linux 2.6.24, farkon 2008, aka karɓi tsarinsa na ware shafuka bisa halinsu: waɗanda za a iya kwashewa a mayar wani wuri, waɗanda za a iya zubarwa a sake samowa, da waɗanda ba sa motsi ko kaɗan. Shafin manhaja yana iya ƙaura, domin kwafe shi kawai za a yi a gyara teburin MMU, manhajar ba za ta ma sani ba. Shafin da kanel ya ajiye bayanansa na ciki ba ya ƙaura, don adireshinsa na ainihi ya bazu a wurare da yawa. Hikimar ita ce kada a cakuɗa su. A 2.6.35, cikin 2010, ya ƙara da tsarin matsar da shafuka masu motsi gefe guda don a buɗe fili a ɗaya gefen. Wannan duka ya taimaka ƙwarai, amma an yi shi ne da tunanin manyan shafuka na megabayit 2 a sabobi, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai, inda in ba a samu ba sai a koma ƙananan shafuka a ci gaba da aiki. Kyamara ba ta da inda za ta koma.

Don haka masu haɗa waya suka bi hanya mafi sauƙi. Tun wajen kunna na'ura, kafin kanel ya fara rabo, sai a yanke wani yanki na RAM a ɓoye masa, a ce wannan na kyamara ne, wancan na bidiyo, wancan na allo. Kowane kamfani da irin nasa. Android na da pmem, akwai kuma bigphysarea, wani tsohon faci, wato ƙarin gyara da ake liƙa wa kanel, da bai taɓa shiga kanel na hukuma ba. Hanyar tana aiki, ba ta taɓa ba da kunya. Kuɗinta ne ke da yawa. Wayar Galaxy S ta 2010 megabayit 512 gare ta gaba ɗaya, kuma kaso mai tsoka na irin wannan RAM yana zaune ne yana jiran kyamarar da mai waya zai buɗe na 'yan mintoci a yini, yayin da Android ke kashe manhajoji saboda ƙarancin wuri.

Shekara biyu ana kai da komo

Michał Nazarewicz ne ya aika da zubin farko na CMA a tsakiyar 2010, daga baya Marek Szyprowski ya ci gaba da jan ragamar. Zubin farkon bai yi nisa da tsohuwar hanya ba. Yana yanke yanki tun farko, sai dai maimakon kowace na'ura da nata, na'urori da dama su yi tarayya a yanki ɗaya, tunda da wuya a ɗauki hoto ana kallon bidiyo a lokaci guda. An rage asara, ba a kawar da ita ba. Masu kula da sashen rabon RAM ba su gamsu ba, kuma ina ganin sun yi daidai. Abin da aka kawo musu sabon mai rabo ne da zai zauna a gefe da dokokinsa da hanyar saitinsa mai sarƙaƙiya, bai san komai game da ƙaurar shafuka da kanel ya riga ya iya ba.

Canjin ya zo ne da aka juya tambayar. Maimakon a ɓoye wa kanel yankin, me zai hana a ba shi aro? Kamezawa Hiroyuki na kamfanin Fujitsu ya riga ya nuna cewa dabarun da ake amfani da su wajen zare RAM daga babbar kwamfuta tana kunne, wato killace wuri a kwashe duk abin da ke ciki, za su iya samar da babban fili a jere. A kan wannan aka sake gina CMA, aka kuma ɗaura shi a kan aikin Mel Gorman, wanda ya duba facin ya sa aka gyara abubuwa da yawa.

Ga yadda ya kasance a ƙarshe. Wajen kunna na'ura ana ware yanki kamar dā, ko ta saitin cma= ko ta bayanin da aka rubuta wa kanel game da kayan cikin na'urar. Sai a miƙa shi ga mai rabon shafuka da wata alama ta musamman, MIGRATE_CMA, mai sharaɗi ɗaya: ba a sa komai a nan sai abin da zai iya tashi. Shafukan manhajoji da kwafin fayilolin da aka karanta suna iya shiga, bayanan kanel na ciki ba sa shiga. Kamar titin gaban masallacin Juma'a ne da masu baro da masu tire ke kasuwa a kai sauran kwanaki, kowa ya san ranar Juma'a zai kwashe kayansa a shimfiɗa tabarmi, kuma ba a yarda kowa ya kafa shago da bulo ba.

Idan direba ya nemi wuri, CMA yana duba wani ɗan teburi da yake riƙe, ya zaɓi tsawon da babu wata na'ura a kai. Sai a killace wurin don kada a ƙara ba kowa shafi daga ciki, a kwashe mazauna: wanda za a kwafe a kwafe shi zuwa wani wuri, kwafin fayil da bai canza ba kuwa ana iya zubar da shi tunda asalinsa na nan a ma'ajiya. In wurin ya zama fayau, a miƙa wa direba. In ya gama ya dawo da shi, kanel ya ci gaba da aro. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne direbobi ba su ma san da shi ba. Suna kiran dma_alloc_coherent kamar yadda suka saba, a can ƙasa ne ake yanke shawarar a je CMA. An kuma bar damar kowace na'ura ta sami yankinta na daban, domin na'urar bidiyo ta Samsung, MFC, tana buƙatar wurarenta su kasance a ɓangarori biyu daban-daban na RAM.

Wani cikas ya fito daga ARM, tsarin firosesar da wayoyi ke amfani da shi. Wurin da na'urar DMA za ta rubuta, ana so firosesa ta riƙa karanta shi kai tsaye ba ta ƙaramar ma'ajiyarta ta kusa (cache) ba, don kada ta ga tsohon bayani. Amma kanel ya riga ya yi wa dukan RAM rajista ɗaya mai bi ta ma'ajiyar kusa, kuma daga ARMv6 zuwa sama ƙa'ida ba ta ba da tabbacin abin da zai faru ba idan wuri ɗaya yana da rajista biyu masu saɓani. Russell King, mai kula da ARM a Linux, ya tsaya a kan wannan. Mafitar ita ce a yi wa yankin CMA rajista shafi-shafi tun farko, ta yadda za a iya sauya halin kowane shafi lokacin da aka ba direba. Facin ya zagaya fiye da sau ashirin kafin ya shiga Linux 3.5 a watan Yulin 2012.

Bayan an karɓa

Nan ne labarin ya fi ba da darasi, domin alkawarin da aka gina CMA a kai, cewa duk abin da aka sa a yankin zai tashi in an ce ya tashi, bai cika kullum ba.

Shafi yana iya zama mai motsi lokacin da aka ba da shi, daga baya ya kafe. Manhaja ta miƙa wa wani direba shafinta ta ce a rubuta mata bayani a ciki kai tsaye, direban ya riƙe shi ta get_user_pages. Muddin yana riƙe, shafin ba ya ƙaura, don akwai na'urar da ke da adireshinsa na ainihi. Wani riƙon na ɗan lokaci ne, wani kuma na tsawon rayuwar manhajar. Injiniyoyin LG sun gano wani misali mai ban takaici: tsarin fayil na ext4 yana karanta babban bayaninsa na farko cikin shafin da aka ɗauka mai motsi ne, sai ya riƙe shi har ranar da za a sauke ma'ajiyar, wanda a talabijin ko waya kusan ba ya faruwa. Idan wannan shafi ya faɗa cikin yankin CMA, kilobayit 4 sun tsaya a tsakiyar fili ke nan. Gioh Kim ya gyara wannan a 2014 ta hanyar sa a nemi irin wannan shafi daga wurin marasa motsi tun farko. Masu aiki da irin waɗannan na'urori sun saba da saƙon "PFNs busy" a rajistar kanel, alamar cewa CMA ya killace wuri, ya tarar da wanda ya ƙi tashi, ya matsa gaba ya sake gwadawa.

Sai maganar lokaci. Kwafe megabayit goma sha shida ba ya daɗewa, amma shafin da ake cikin rubuta shi zuwa ma'ajiya dole a jira shi, kuma ma'ajiyar waya mai araha ba ta sauri. Sannan waɗanda aka tasa suna buƙatar inda za su sauka. In RAM ya cika, sai an fara korar wasu kafin a sami masauki. Tsohuwar hanya ta yanke yanki tana amsawa nan take. CMA yana iya amsawa nan take, yana iya jinkiri, yana iya cewa babu. Ga mai waya da ke son ɗaukar hoton abin da ke wucewa, jinkirin daƙiƙa ɗaya ma asara ce. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba su bar yanke yanki gaba ɗaya ba, kuma ION, tsarin da Android ya kawo a 2011 don maye gurbin pmem, ya ci gaba da ba da zaɓi biyun gefe da gefe.

Matsala ta uku ta zo ta baya. A lokacin, kanel ba ya taɓa yankin CMA sai sauran wuraren masu motsi sun ƙare. Sakamakon haka shafukan manhajoji suna cinye RAM na gama-gari, yankin CMA yana zaune babu kowa, sai kanel ya zo neman shafi don bayanansa na ciki ya rasa, tunda shi ba a yarda ya shiga can ba. Ana iya kashe manhaja don ƙarancin RAM alhali CmaFree a /proc/meminfo yana nuna megabayit masu yawa. Wato asarar da aka gudu ta dawo da wata kama. Joonsoo Kim na LG ya yi shekaru yana neman a ba CMA shiyyarsa ta daban a lissafin kanel. An karɓi wani nau'in aikin a 2018, aka janye shi kafin fitar Linux 4.17 saboda ya karya wasu na'urori. Gyaran da ya zauna ya fi haka sauƙi, ya zo a Linux 5.8 cikin 2020 daga Roman Gushchin: idan fiye da rabin shafukan da ba kowa suna cikin CMA, to buƙata mai motsi ta fara ɗiba daga can. Shi kuma riƙo na dogon lokaci an sa masa doka: mai niyyar daɗewa ya faɗa tun farko, kanel ya fitar da shafin daga yankin CMA kafin ya bari a kafe shi.

A ganina CMA ya cancanci shigarsa, kuma waɗanda suka ƙi zubin farko sun yi wa kowa alheri, har da Samsung. Amma bai kamata mai haɗa na'ura ya ɗauke shi a matsayin RAM na kyauta ba. Abin da ya yi shi ne musanya asarar wuri, wadda aka san girmanta, da jinkiri da yiwuwar gazawa, waɗanda ba a sani ba sai an gwada a na'urar da ta daɗe a kunne tana aiki. Gwajin da aka yi minti biyar bayan kunnawa ba ya nuna komai. Direban da ya san zai buƙaci wurinsa kullum, kamar na allo, gara ya karɓa tun wajen tashi ya riƙe. Wanda ke buƙata jefi-jefi, kamar kyamara, shi ne CMA ya dace da shi, kuma dole a rubuta shi da shirin jin "babu". Wannan ya fi nauyi a wayoyi masu RAM gigabayit 2 ko 3 irin waɗanda suka cika kasuwannin Kano da Maraɗi, inda kowane megabayit da aka ware ana jin rashinsa a jikin manhajoji.

Kwakwalwan waya na yanzu da yawa suna da IOMMU, don haka kyamara da bidiyo suna iya aiki da shafuka a warwatse. Duk da haka buƙatar ba ta mutu ba. Bidiyo mai kariya da ake warwarewa a ɓangaren tsaro na firosesa yakan so yanki a jere, don na'urar da ke tsare shi iyaka biyu take ganewa, farko da ƙarshe. Mai Raspberry Pi da kyamararsa ta ƙi tashi a babban ƙuduri yakan buɗe config.txt ya ƙara girman CMA. A Linux 5.6 aka kawo DMA-BUF heaps, magajin ION, da zaɓin CMA a ciki, aka cire ION a 5.11. Su ma manyan sabobi sun shigo layi: shafi mai gigabayit 1 ya fi ƙarfin mai rabon shafuka nesa ba kusa ba, kuma a dā hanyar da ake dogaro da ita ita ce a ware shi tun wajen kunnawa. Tun Linux 5.7 akwai saitin hugetlb_cma, wanda Gushchin ya rubuta yana Facebook, mai ware yankin CMA a bar manhajoji su zauna a ciki har ranar da za a nemi babban shafin a tashe su.